Sabunta tsohon labarin soyayya: yaya zan yi da gidan da 'yan mata biyar ba za su gada ba?

Malama Hajara, Samaru:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wurin marubuta da waɗanda suka san rabon gado.

Ina koyar da adabin Turanci a wata sakandaren 'yan mata, ina kuma taɓa rubutun Hausa, irin wanda ake saki shafi-shafi a waya. Cikin tsofaffin littattafan soyayya babu wanda ya kwanta mini a rai kamar Pride and Prejudice na Jane Austen, wanda ya fito a Ingila a watan Janairun 1813. Burina in sake gina shi da Hausa. Ba fassara nake nufi ba. So nake in ɗauko ƙashin bayan labarin in zaunar da shi a Zariya da Kano na yau, yadda ɗalibata da ba ta taɓa jin sunan Austen ba za ta karanta ta ce ai ta san gidan nan, a layinsu yake.

Ga wanda bai karanta ba. Mista Bennet yana da mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar, babu namiji. Gidansa da gonakinsa na Longbourn suna kawo masa fam 2,000 a shekara, rufin asiri ne babba a wancan zamani. Sai dai tun daga kakanni an ɗaure dukiyar da wani sharaɗi da dokar Ingila ta yarda da shi: namiji kaɗai ke gadonta. Ranar da ya rufe ido, wani ɗan'uwansa na nesa, Mista Collins, limamin coci, shi zai karɓi makulli, kuma yana da ikon ya ce wa uwa da 'ya'ya su tattara nasu ya nasu. Abin da aka ware musu duka fam 5,000 ne, wato kowace yarinya fam 1,000, shi ma sai bayan ran uwar. A kan kuɗin ruwa huɗu bisa ɗari, fam 40 ke nan a shekara. Shi kuwa Darcy, saurayin da ake ta magana a kansa, fam 10,000 yake samu duk shekara.

A cikin wannan hali ne Elizabeth, ta biyu a gidan, mai shekara 20, ta ƙi maza biyu. Ta ƙi Collins, wanda aurensa zai bar gidan ubanta a hannunsu. Ta kuma ƙi Darcy a zuwansa na farko, don ya haɗa neman aure da gori a kan danginta. Ƙin miji ba shi ne abin mamaki ba. Abin mamakin shi ne ta ƙi alhali ta san abin da ke jiranta. Idan aka cire wannan barazanar, Elizabeth ta koma yarinya mai tsiwa kawai, uwarta kuma ta koma mace mai surutun banza.

Abubuwa da yawa sun taso da kansu, ban sha wahalarsu ba. Raye-rayen da ake haɗuwa a cikinsu sun koma kamu da dina da walima. Bingley, wanda arzikin gidansu na kasuwanci ne kuma 'yan'uwansa mata suke son a manta da hakan, ya zama Bashir, ɗan wani attajirin Kantin Kwari. Darcy ya zama Dikko, ɗan gidan sarauta. Gwaggonsa da ta rantse tun suna zanin goyo aka yi masa alkawarin 'yarta, wannan ko waƙafi ban canza ba, auren zumunci ne muraran. Har mamakin da gwaggon ta yi cewa an bar ƙanne suna fita taro yayyensu ba su yi aure ba, kai ka ce a Tudun Wada aka rubuta shi. Elizabeth ta zama Luba, ƙaramarsu Lydia ta zama Ladidi.

Inda na cije shi ne gadon. A Musulunci 'ya mace tana da rabonta, babu kakan da ya isa ya hana ta. To mene ne zai sa Luba ta ji cewa ƙin auren nan na iya jefa uwarta a titi? Na gwada mayar da uban talaka, sai labarin ya zama na mai kuɗi da 'yar talaka, wanda an yi shi har an gaji, kuma ba shi ne labarin Austen ba. Su Bennet ba talakawa ba ne. Suna da mai girki da masu aiki, suna cin mai kyau. Tsoronsu na gobe ne.

Akwai kuma wasiƙar da Darcy ya rubuta bayan an ƙi shi, da gudun Lydia da saurayi. Su ma ban san yadda zan yi da su a zamanin WhatsApp ba. Amma gadon ne ya fi hana ni barci.

Barista Sada:

Wa alaikumus salam, Malama. Ni a ganina ba ki rasa Collins ba, lissafin ne ba ki ƙarasa ba.

Mu ɗauka mamaci ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata biyar, iyayensa sun riga shi, ba shi da ɗa namiji ko jika ta wajen ɗa. Asalin mas'alar 24 ne. Matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, kashi 3 ke nan. 'Ya'ya mata daga biyu zuwa sama suna da sulusi biyu, kashi 16, su raba daidai a tsakaninsu. Saura 5. Wannan biyar ɗin na asaba ne: ɗan'uwan mamaci, in babu sai ɗansa, in babu sai baffa, sai ɗan baffa, haka har a gangara, muddin dangantakar ta bi ta maza. Ga Collins ɗinki nan. Sai ki gyara abu ɗaya, ki mai da shi ɗan wan uban yaran, ba ɗan'uwa na nesa mai wani suna daban ba.

Za ki ce biyar cikin ashirin da huɗu ai ba komai ba ne. A takarda haka ne. Amma ki duba idan duk abin da aka bari gida ɗaya ne, wanda suke ciki. A ce an yi masa kuɗi naira miliyan 24. Shi yana da miliyan 5. Ya zo ya ce a ba shi haƙƙinsa, kuma shari'a ba ta ce ya yi laifi ba. Gida ba ya yankuwa kashi ashirin da huɗu. Ko dai su biya shi miliyan biyar ɗinsa, ko a sayar a raba. Bazawara da 'yan mata biyar, biyu suna makaranta, ina za su samo miliyan biyar? Idan aka sayar, kowace yarinya ta tashi da miliyan uku da dubu ɗari biyu, uwar da miliyan uku. Ko sun haɗa kuɗin wuri ɗaya, gidan da za su saya ba zai kai wanda suka bari ba, kuma ba a unguwar ba. Irin wannan ƙarar ba baƙuwa ba ce a kotunan shari'a.

Idan kina son igiyar ta ƙara tsukewa, kada gidan ya zama na uban ma. Ki mai da shi gidan gadon kakansu da ba a taɓa rabawa ba, shi dai aka bari a ciki don kunya da girmamawa, shekara talatin. Yana mutuwa kunyar ta mutu. Sai a fara lissafin gado a kan gado, 'ya'yan wannan da jikokin wancan, kowa ya fito da ƙuri'arsa. A nan Collins zai iya zuwa da fara'a ya ce shi fa zumunci yake dubawa, a ba shi ɗaya daga cikin yaran, maganar rabo ta mutu. Kuma zai yarda har zuciyarsa cewa alheri yake yi.

Ta fuskar haƙƙin mallaka ba ki da damuwa. Austen ta rasu a 1817. Dokarmu ta 2022 tana kare rubutu tsawon ran marubuci da shekara 70 bayansa, nata ya daɗe da zama na kowa. Amma ki faɗa a shafin farko daga ina kika ɗauko. Ba doka ce ta tilasta ba, mutunci ne.

Hajiya Inna:

Hajara 'yata, na karanta littafin nan ina kwalejin horon malamai mata, na sake karanta shi bayan na aurar da 'ya'ya huɗu, kuma ba littafi ɗaya na karanta ba. Karon farko dariya na yi ta yi wa uwar. Karo na biyu uban na ji haushi.

Barista ya ba ki shari'a, ni bari in ba ki cikin gida. Mutumin nan yana samun fam dubu biyu duk shekara, bai ajiye ko sisi ba. Littafin da kansa ya faɗa: sun zauna jiran ɗa namiji wanda zai warware sharaɗin, har aka haifi ta biyar, lokacin kuma an makara da tattali. Sai ya shige ɗakin karatunsa ya rufo ƙofa, yana yi wa matarsa shaguɓe a gaban 'ya'yanta. Ita ce kaɗai a gidan take ƙirga kwanaki. Bakinta ba shi da linzami, gaskiya ne, tana kunyata yaran a cikin mutane. Amma tsoronta na gaskiya ne. Don Allah kada ki mai da ita abin dariya kawai. Tunda a Samaru kike, ai kin san irinsa: malamin jami'a, littattafai har rufi, yana zaune a gidan ma'aikata, bai aza ko bulo ɗaya a waje ba, ga shekara 65 ta ritaya tana ƙaratowa, ko 70 in farfesa ne. Ranar da takarda ta zo, gidan ba nasa ba ne. Ki haɗa wannan da na Barista in kina so.

Sannan kin manta da kayan ɗaki. Uwar 'ya'ya mata biyar a ƙasar nan ba mijin kaɗai take nema ba. Gado da katifa da kujeru da kayan kicin da gara take lissafawa, sau biyar. Tun yarinya tana firamare ake fara adashi ana tura kwanuka ƙarƙashin gado. Kuma in mijin ɗan manyan gida ne, nauyin ƙaruwa yake yi, don danginsa za su zo ganin jere, su ɗaga labule, su shafa kujera. Idan Bashir ɗan Kwari ya nemi babbar, murna da fargaba tare za su zo wa uwar. A Ingila kuɗin da yarinya za ta shigo da shi ake tambaya, ƙanwar Darcy nata fam 30,000 ne. A nan ɗakinta ake kallo.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Akwai babban bambancin da ban ji kin ambata ba: saki da kishiya. A Ingila ta lokacin, kafin dokar 1857, raba aure yadda za a sake wani sai majalisar dokoki ta zauna ta yi doka musamman a kan mutum, kuma matan da suka taɓa samun haka ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dukiyar mace kuma ta mijinta ce, sai a 1870 da 1882 aka gyara. Don haka in yarinya ta ce ta yarda, ta yarda ke nan har kabari. Shi ya sa littafin ya ƙare da ɗaurin aure kowa ya numfasa. Mu kuwa wace mai karatu ce za ta numfasa don an shafa fatiha? Ta san ana iya dawo da Luba da takarda bayan wata takwas. Ta san gwaggo ba za ta haƙura ba, za ta ce to shi ke nan, a ƙara da 'yata, ai namiji mijin mace huɗu ne. Wannan ƙofar a rufe take a wurin Austen, a wurinki a buɗe take. Dole ki san yadda za ki yi da ita.

Ƙawar nan tata Charlotte, mai shekara 27, wadda ta karɓi Collins cikin kwana uku bayan an ƙi shi, ita na fi tunawa. Ba ta yaudari kanta ba. Ta ce gida take so, ta samu gida, ta zaɓi ɗakin baya ta zauna don kada ya riƙa shigo mata, ta riƙa tura shi lambu. A namu zamanin za ta kai 32, tana da digiri na biyu, ƙannenta biyu sun yi aure, kowane biki sai an ce mata "saura ke". Kuma ta biyu za ta shiga, ko ta uku, ido buɗe. Ki rubuta ta da adalci. Da yawa daga masu karanta ki ita ce su, ba Luba ba.

Ummi Fari:

Anti Hajara ni dai gaskiya in Dikko miskili ne na biya tun yanzu 😄 Amma ki sa shi ya riƙa shan ƙamshi sosai, kar ya yi saurin saukowa. Kuma wannan lissafin gadon kar ya yi yawa, mu soyayya muka zo karantawa ba darasin fara'id ba, Barista ya yi haƙuri.

Tambaya ɗaya. Me ya sa sai na Turawa? Mamata har yau tana ba mu labarin In Da So Da Ƙauna, yadda suke ɓoye shi cikin littafin lissafi a aji. Me zai hana a sabunta irin waɗannan?

Malama Hajara, Samaru:

Barista, Allah Ya saka da alheri. Biyar cikin ashirin da huɗu, a kan gidan da ba a raba ba. Na ɗauka. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai na mai da shi mugu ba. Yana da haƙƙi, yana da fara'a, yana da carbi, kuma kowa a dangi zai ce Luba ce ta watsa zumunci.

Hajiya, na gode, Allah Ya ƙara girma. Maganar uwar ta shige ni. Ita kanta Austen ta san wannan tsoron daga ciki. A Disamban 1802 wani magajin gida da gonaki ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Mahaifinta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta suka yi shekaru suna zaman haya da zaman gidajen dangi, sai a 1809 wani yayanta ya ba su ɗan gida a Chawton. Littafin nan ma fam 110 ta sayar da shi gaba ɗaya. Wato wadda ta rubuta ƙin auren ta ɗanɗana abin da ke biyo bayansa.

Sai dai a kan kishiya ban bi ki duka ba, Hajiya, ki gafarce ni. Idan na bar gwaggo ta tura 'yarta a matsayin ta biyu, labarin zai koma na kishi, kuma kishi in ya shiga littafi cinye komai yake yi, shafi ɗari sai an yi su a kan girki da boka. Abin da nake tunani shi ne gwaggon ta zo da tayin da kanta, a zuwan nan da take yi don ta tsorata Luba. Ta ce na yarda ki shiga, amma 'yata ce uwargida. A ganinta ta yi rangwame. Amsar da Luba za ta ba ta, da abin da Dikko zai yi in labari ya kai masa, su za su nuna wa mai karatu ko auren zai zauna. Ba zan iya yi wa kowa alkawarin ba za a yi saki ba. Abin da zan iya shi ne in nuna halin mutumin a lokacin da babu mai kallonsa.

Ummi, a nan za mu ɗan saɓa. Miskilin littattafanmu na waya yana shan ƙamshi shafi tamanin, ya wulaƙanta yarinya, wani har mari, sannan rana ɗaya ciwon so ya kwantar da shi a asibiti, shi ke nan an yafe. Bai canza ba, so ne kawai ya kama shi. Darcy an faɗa masa magana mai zafi, cewa bai yi abin da mutumin kirki zai yi ba. Ya tafi ya yi watanni yana juya ta. Da suka sake haɗuwa, sai ga shi yana girmama kawunta ɗan kasuwa, irin mutanen da a da yake ganin bai kamata ya zauna da su ba. Ya kashe kuɗinsa ya rufa wa gidansu asiri, ya kuma roƙi kada a gaya mata. Ita ma ta gano cewa wayon da take taƙama da shi ne ya rufe mata ido, ta gaskata maƙaryaci don ya iya zance. Mutum biyu ne kowanne ya sauko. In ɗaya ne kawai, ba na so.

Zancen namu littattafan kuwa, ina ƙaunarsu, da su na koyi karatun Hausa. Amma marubucin wanda kika ambata, Ado Ahmad Gidan Dabino, littafinsa nasa ne, ba a taɓa shi sai da izininsa. Kuma ɗauko labari daga wani wuri a yi masa riga da wando na Hausa ba yau aka fara ba. Abubakar Imam ya yi haka a Magana Jari Ce tun shekarun 1930, da labaran Larabawa da na Turai da na Indiya, kuma ba wanda ke karantawa ya ji baƙunta.

Sani Mai Alƙalami:

Malama, ni rubutun fim nake yi, bari in taɓa biyun da aka bari.

Wasiƙa. Kada ki mai da ita saƙon waya. Ki duba aikin da take yi a babi na 35 da na 36. Ya miƙa mata hannu da hannu da safe, ya juya ya tafi. Ba ta da halin mayar da martani. Ta karanta cikin fushi, ta ninke ta ce ba za ta sake dubawa ba, ba a jima ba ta sake buɗewa. Awa biyu tana yawo a hanya tana bin ta layi-layi, tana gwada maganarsa da abin da ta gani da idonta. Wannan rashin damar amsawa shi ne ya sa ta saurara. A WhatsApp kafin ya gama sakin layi na biyu ta turo masa amsa uku ta toshe shi.

Kuma kina da dalili mai ƙarfi na zamani da zai sa ya ɗauki biro. A cikin wasiƙar akwai sirrin ƙanwarsa, wadda mutumin nan Wickham ya so ya gudu da ita tana da shekara 15 don kuɗinta. Wane ɗan gidan sarauta ne zai sa irin wannan a waya, inda za a ɗauki hotonsa a tura zaure goma kafin azahar? Takarda zai rubuta, da hannunsa, ya ce in ta gama ta ƙona. Yarinyar yau ba ta taɓa karɓar wasiƙa ba, wannan kaɗai zai sa ta zauna.

Ladidi ita ce mai wuya. A asali Lydia ba ta daɗe da cika 16 ba ta gudu da Wickham ɗin nan daga garin Brighton. Ta ɗauka Gretna Green za su, ƙauyen farko in an tsallaka Sikotland, domin tun dokar 1753 wanda bai kai 21 ba ba ya aure a Ingila sai da yardar iyaye, a can kuwa babu wannan sharaɗi. Shi bai taɓa niyyar aure ba. Aka same su a Landan suna zaune tare. Darcy ya biya masa bashi fiye da fam 1,000, ya saya masa muƙami a soja, aka ɗaura. A 1813 wannan shi ne rufin asiri. Mai karatu na yau zai ga ƙato ɗan kusan talatin, wanda ya saba farautar 'yan shekara sha biyar, an ba shi yarinya an haɗa masa da kuɗi. Ita kanta Austen ba ta ce sun ji daɗi ba, ta nuna soyayyar ta huce da wuri, kullum suna roƙon yayye.

Waɗanda suka yi shi a YouTube a 2012 zuwa 2013, The Lizzie Bennet Diaries, sun mai da abin bidiyon tsiraici da saurayin ya shirya sayarwa a intanet, Darcy ya sayi kamfanin ya kashe shafin, ba a yi aure ba, yarinyar ta dawo gida yayarta ta rungume ta. A can ma Collins aiki ya yi wa Lizzie tayi, ba aure ba. Bidiyo zai yi aiki a nan, kowa ya san yadda yake tashin gida. Amma kada ki kwafe su. A Zariya dangi za su taru su ce a ɗaura kawai a huta, baffa zai ce ya ba da ita, kuma wannan baffan, uban Collins ɗinki, shi ne mai biyar cikin ashirin da huɗu muddin yana raye. Kin ga igiyoyinki biyu sun haɗu.

Malama Hajara, Samaru:

Malam Sani, wasiƙar ta zauna, da biro, kuma Luba ba za ta ƙona ba.

Ladidi ba zan aurar da ita ga Wada, wato Wickham ɗina, ba, na yanke. Amma ba zan sa hakan ya zo da sauƙi ba, don in ya zo da sauƙi ƙarya na yi. Za a yi zaman dangi, uwar da kanta za ta fi kowa son a ɗaura, saboda tana ganin sauran huɗun. Uban ne zai fito daga ɗakin karatu, karo na farko a littafin, ya ce a'a, kuma a'ar nan za ta jawo baffa ya tayar da maganar raba gida tun uban yana raye. Aikin Dikko a ɓoye ba sayen miji ba ne. Zai bi ta hannun kawun yaran a karɓo wayar, a kuma sayi kason baffa da sunan wani. Yadda Luba za ta gano, Ladidi ce za ta yi suɓul da baka, kamar yadda yake a asali.

Ummi, za ki samu shan ƙamshinki har babi na goma sha, kada ki damu. Lissafin gado kuma a bakin uwar zan sa shi, tana yi tana kuka tana kuskuren ƙidaya, ba za ki ji kamar aji ba.

Barista, saura abu biyu. Idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba ga bare, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a su karɓe a kan kuɗin da aka saya, ko ba haka ba? In haka ne, sai na san wanda zan sa ya saya don kada dabarar Dikko ta rushe. Sannan wa ke yi wa gida kuɗi in an je kotu, dillalai alƙali ke turawa ko ma'aikatan ƙasa da safiyo? Babi na uku nake son in buɗe da ranar da suka zo da tef suna auna tsakar gida, uwar tana tsaye a ƙofar kicin.